Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga gwamnonin Arewa 19: masu tallafi suna naɗe tabarmarsu, wa zai riƙe mana aikin tibi da ƙanjamau da maleriya?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mai girma shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa, Gwamnan Gombe Alhaji Muhammadu Inuwa Yahaya, da sauran takwarorinsa su 18. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da ya ɗora a wuyanku.

Ni ba ɗan siyasa ba ne, ba ni da katin kowace jam'iyya a aljihu. Malamin asibiti ne ni a wani asibitin sha-ka-tafi na ƙaramar hukuma, shekarata 17 a bakin aiki kuma goma daga ciki a ɗan ɗakin nan na masu tarin fuka na yi su, inda mutum zai zo da sassafe ya haɗiye ƙwayarsa a gabanka ka sa masa alama a kati. Ba kuma da yawuna ni kaɗai nake magana ba, zama muka yi da abokan aiki suka ce tunda kai ne mai yawan rubutu a Facebook to kai za ka rubuta. A cikinmu akwai matan da ke shiga gida-gida da akwatin rigakafi, akwai samarin da ke ɗaukar kaki da jini a babur su kai ɗakin gwaji, akwai masu shigar da bayanai a kwamfuta, sannan akwai marasa lafiyar da su ba za su taɓa iya fitowa su yi magana ba, don wani cutar da yake ɗauke da ita ko mahaifiyarsa ba ta sani ba.

Ranar 20 ga Janairun 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a takardar dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, mu a nan da farko ko a jikinmu, mun ɗauka rigimarsu ce ta can. Ba a fi 'yan kwanaki ba saƙo ya shigo guruf ɗinmu na WhatsApp wai kowa ya tsaya da aiki, kar a fita bin marasa lafiya, kar a ɗauki samfur, sai an ji sanarwa. Ranar ina da robobin kaki guda tara a kula ina jiran mai babur, har la'asar bai zo ba, da na kira shi ya ce min yallaɓai an ce in ajiye. Daga baya an sassauta an ce maganin ceton rai ya ci gaba, kuma gaskiya ya ci gaba, ba zan yi ƙarya in ce magani ya yanke ƙaf ba. Amma kwana 90 ɗin nan ba su ƙare da komawa yadda ake a da ba, a watan Maris sakataren harkokin wajensu Marco Rubio ya ce an soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen USAID, hukumarsu ta ba da agaji ga ƙasashen waje, zuwa 1 ga Yuli hukumar ma kanta an rufe ta.

Kuma fa ba Amurka kaɗai ba ce. Ingila ta sanar za ta rage kuɗin agajinta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 na arzikin da take samu don ta ƙara wa harkar tsaro. Gavi mai taya mu sayen alluran rigakafin yara ta nemi dala biliyan 11.9 a watan Yunin 2025 ta tashi da biliyan 9 da 'yan kai, dama kuma tun tuni an tsara 2028 ne Najeriya za ta fara tsayawa da ƙafarta a wannan ɓangaren. Global Fund da ke riƙe da babban kason aikin tibi da maleriya ya nemi dala biliyan 18 a taron da aka yi a Johannesburg a Nuwamba, alƙawarin da ya samu bai kai biliyan 12 ba. Ita kanta yarjejeniyar shekara biyar da Amurka ta ƙulla da Najeriya a Disambar 2025, su za su kawo wajen dala biliyan 2 mu kuma mu ƙara kusan biliyan 3 daga aljihunmu, kowa ya karanta ya san inda aka dosa, su suna ja baya a hankali mu muna ɗauka. Ni wallahi ba na zaginsu, kuɗinsu ne, tun 2003 da George Bush ya kafa PEPFAR, shirin Amurka na yaƙi da ƙanjamau, suke saya wa 'yan uwanmu maganin ƙanjamau, shekara 20 da ɗoriya kenan. Dama kayan aro ba ya rufe katara, mu ne muka manta na aro ne.

Gwamnatin tarayya ta yi wani abu kuma ya kamata a faɗa. A Fabrairun 2025 majalisar zartarwa ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen maganin ƙanjamau, Majalisar Tarayya kuma ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na shekarar don toshe giɓin. To amma ranku ya daɗe, abin da ya sa ku na rubuto wa ban rubuta wa ministan lafiya Farfesa Ali Pate ba shi ne, Abuja za ta iya sayen magani ta jibge a sito, amma magani ba ya da ƙafa. Abin da masu tallafin nan suka daɗe suna biya wanda ba a gani a talabijin shi ne man babur, da ɗan alawus ɗin matar da za ta bi wanda ya daina zuwa karɓar magani har gida, da katin waya da data, da batirin sola, da gyaran firji, da kuɗin motar da za ta ɗauko kwali daga babban birnin jiha ta kai ƙauye. Duk waɗannan a asibitocin matakin farko suke, su kuma asibitocin nan naku ne ku da ƙananan hukumominku, ba na Abuja ba.

Kukanmu na farko shi ne mutane. Da yawan waɗanda ke riƙe da aikin nan ba ma'aikatan gwamnati ba ne, na wucin gadi ne da ƙungiyoyi ke biya, wani shekara takwas wani goma yana aiki a cikin asibitin gwamnati amma ba shi da lambar fayil. Da kuɗin ya tsaya shikenan sai kowa ya kama gabansa. Yarinyar da ke riƙe mana rajista, wadda ta san kowane majinyaci da unguwarsu da ranar da maganinsa zai ƙare ba sai ta buɗe littafi ba, yanzu tana zaune a shagon POS a bakin tasha. Mai babur ɗinmu ya koma acaɓa. Ba laifinsu ba ne, suna da iyali. Amma ku duba asarar, mutanen nan an kashe kuɗi an horar da su shekara da shekaru, sun san gari, gari ya san su, mata na yarda su buɗe musu ƙofa, kuma wannan yardar ba a saya a kasuwa. In an bari suka watse, ranar da aka tashi dawo da aikin sai an fara daga tushe da sababbin da ba su san ko hanyar gidan mai unguwa ba.

Na biyu tarin fuka, a nan zan ɗan daɗe don shi na fi sani. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tibi, kusan mutum rabin miliyan ke kamuwa duk shekara, kuma 'yan shekarun nan ne aka fara samun kan abin, ana gano masu shi fiye da kowane lokaci a baya, saboda an daina zama a jira su zo, ana bin su kasuwa da tsangaya da gidan yari da kemis-kemis. Injin GeneXpert da ake gwajin kaki da shi cikin kamar awa biyu zai faɗa maka ko akwai cutar, har ya faɗa maka ko irin mai bijire wa magani ce. Amma injin nan yana son wuta mai tsayawa da ɗaki mai sanyi, kowane gwaji ɗaya kuma sai an sa masa katirij ɗinsa sabo, ba kuma kowane asibiti ke da shi ba, shi ya sa mai babur ya zama rabin aikin. In babu shi sai ka ce wa mutumin da ke tari wata biyu ya hau mota ya je wani gari da kuɗinsa, wallahi cikin goma da wuya uku su je, sauran kemis za su koma a ba su maganin tari na kwalba.

Akwai wani tela da ya fara shan magani a hannuna a ƙarshen 2024, magidanci mai yara shida. Maganin tibi wata shida ne ba fashi, amma kowa a aikin nan ya san wata na biyu shi ne tarko, tari ya tsaya jiki ya fara dawowa mutum ya ga ai ya warke. A da in mutum ya yi fashin kwana biyu akwai mai zuwa ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. Shi lokacin da ya yi nasa fashin babu mai zuwa, ni kaɗai ne a ɗaki da layi a gabana, na kira wayarsa ta ƙi shiga, da na samu sarari na je gidan aka ce min ya tafi ci-rani Kudu. Da damina ya dawo, ƙaninsa ne ya riƙo shi don ba ya iya tsayawa, gwaji ya nuna cutar ta zama mai bijire wa magani, da muka gwada mutanen gidan kuma aka samu ƙaramar 'yarsa da ita. Har yau abin yana cina. Kuɗin man babur da alawus ɗin da za a kashe a dawo da shi tun a satin farko bai kai kuɗin ɗinkin kaftani biyu ba, yanzu kuwa maganin da yake sha ya ninka na farko tsada sau da yawa, ga wahala. Mai tibi guda da ba ya kan magani zai iya shafa wa har mutum 15 a shekara, ku tuna yadda muke kwana a ɗaki ɗaya da yara lokacin sanyi an toshe taga.

Na uku ƙanjamau. Kusan mutum miliyan biyu ke ɗauke da ita a ƙasar nan, akasarinsu ƙwaya ɗaya suke sha a rana suna harkokinsu, ba ka taɓa gane su, wasu malaman makaranta ne wasu 'yan kasuwa wasu matan aure ne da suka same ta a ɗakinsu. A watan Fabrairun 2025 da ake ta jita-jita wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta same ni bayan kowa ya watse ta ce malam don Allah faɗa min gaskiya, da gaske ne maganin zai ƙare? Ashe ta fi sati uku tana tsallake rana, yau ta sha gobe ta bari, wai don abin da ke hannunta ya kai ta nesa, tana da marayu uku. Na zaunar da ita na yi mata bayanin cewa wannan tsallaken shi ne ke koya wa ƙwayar cutar bijire wa magani, ta koma sha daidai, amma nawa ne irinta da ba su samu wanda za su tambaya ba? Babu wani jami'in jiha da ya fito a rediyo da Hausa a lokacin ya ce mana ku kwantar da hankalinku ga abin da muka tanada, aƙalla mu a wajenmu ba mu ji ba.

Sannan ga batun gwaji. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure, wasu jihohin ma suna da irinta, kuma ni ina goyon baya ɗari bisa ɗari don na ga abin da rashinsa ke jawowa. To amma wanda ya ce a yi gwaji shi ya kamata ya tanadi kayan gwajin, ya kuma tanadi abin da za a yi wa wanda aka samu da cutar. Haka mai ciki da ta zo awo, in aka gwada ta aka sa ta a magani da wuri da izinin Allah jaririnta lafiya lau zai fito, in kuwa ranar da ta zo babu tsinken gwaji a asibiti, ta tafi kenan, wata sai ranar haihuwa in ma a asibiti ta haihu.

Na huɗu zazzabin cizon sauro, wanda don mun saba da shi har mun daina ganinsa a matsayin annoba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk masu kamuwa da shi a duniya a Najeriya suke, kuma wajen kashi 30 cikin 100 na waɗanda yake kashewa namu ne, yawanci yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A binciken 2021 kusan rabin yaran da aka gwada a Kebbi suna ɗauke da shi, shi ya sa ma aka fara allurar rigakafinsa a can a Disambar 2024. Maganin nan da ake bi gida-gida ana ba yara wata-wata lokacin damina, a ba yaro na farko a gaban mai rabawa a bar wa uwa na kwana biyu a yi alama da alli a bango, duk wanda ke aiki a ɗakin yara zai faɗa muku bambancin shekarar da aka raba shi kan lokaci da shekarar da aka makara, ana gani a yawan yaran da ake kawowa suna jijjiga da masu neman ƙarin jini a watan Agusta da Satumba. Kusan duk kuɗin wannan rabon da na gidan sauro daga waje yake zuwa. Jihohi irin su Kebbi da Zamfara da Bauchi kuwa shirin maleriya na gwamnatin Amurka ne ya daɗe yana ɗauke da su.

Rigakafin yara ba sai na ja ba, kun fi ni sani. Mun ga abin da dakatar da allurar shan inna a 2003 ya jawo mana, da irin wahalar da sarakuna ƙarƙashin jagorancin Mai alfarma Sarkin Musulmi da malamai da matan nan masu yawo a rana suka sha kafin a kai ga 25 ga Agustan 2020 da aka ce Afirka ta rabu da asalin cutar. Har yanzu akwai wani nau'inta da ke yawo a Arewa maso Yamma saboda yaran da ba a taɓa yi wa allura ko ɗaya ba, su ne kuma mashaƙo ya fi kwasa tun ƙarshen 2022 musamman a Kano. Masu sa ido da ke kai rahoto in an ga yaro ƙafarsa ta saki ko an ga amai da gudawa a wani ƙauye, yawancin abin hawansu da alawus ɗinsu daga kuɗin shan inna yake fitowa. In wannan ya tafi, kwalara da sanƙarau sai sun kashe mutane da yawa kafin labari ya iso hedikwata.

Yanzu batun kuɗi, don na san za a ce babu. Ranku ya daɗe tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru sosai, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, duk wata ana buga shi a jarida, talaka ne kuma ya biya shi a gidan mai da kasuwa. Muna ganin gadojin sama da tituna kuma muna murna da su. Amma a garin Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya har yau ko rabin haka ba ta cika kaiwa. Wasunku irin su Kano da Kaduna da Bauchi an sha jin sun sanar da kai kashi 15 ɗin, Allah ya saka da alheri, sai dai mu da ke ƙasa mun san tsakanin abin da aka karanta a majalisa da abin da aka saki akwai tafiya mai nisa. Kuma ko an saki, yawanci gini ake yi da shi, a yi fenti a sa allo a yanke ƙyalle, amma kuɗin gudanarwa na yau da gobe, wanda shi ne ainihin abin da masu tallafi ke biya, shi ne fayil ɗinsa ke kwana a tebur har shekara ta fita. Akwai ma tallafin da sharaɗinsa shi ne sai mun zuba namu kason kafin a saki nasu, in ba mu zuba ba mun yi asara biyu.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne ba sabon abu ake nema a wurinku ba, an taɓa yi a nan Arewa. A 2012 jihar Kano ta ƙulla yarjejeniya da gidauniyar Ɗangote da ta Bill Gates kan rigakafin yara, aka buɗe asusu ɗaya kowa na zubawa, kason jiha na ƙaruwa duk shekara nasu na raguwa, daga baya Bauchi da Borno da Kaduna da Sakkwato da Yobe suka shiga. A lokacin ne muka fara ganin kuɗin fita rigakafi na shiga asusun asibiti kai tsaye ba tare da ya bi ta hannu goma ba. Kano kuma ta kafa asusun lafiya na KHETFUND a 2017 da doka ta ce a riƙa zuba masa kashi 5 na harajin cikin gida da kashi 1 na kason ƙananan hukumomi. Ko a maƙwabta, da abin nan ya faru Shugaba John Mahama na Ghana bai ɓata lokaci ba ya umarci ministan kuɗinsa ya nemo hanyar cike giɓin dala miliyan 156 da janyewar USAID ta bar musu.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Kowace jiha ta zauna cikin wata uku ta rubuta dalla-dalla me da me masu tallafi ke biya a cikinta, asibiti bayan asibiti, mutum nawa, babur nawa, injin gwaji nawa, nawa ake kashewa a wata, da ranar da kowace yarjejeniya za ta ƙare. Ina da yaƙinin akwai ma'aikatun lafiyar da in aka tambaye su yau ba za su iya kawo wannan lissafin ba, don komai a kwamfutar ƙungiyoyi yake. A karɓi bayanan marasa lafiyarmu su dawo hannun jiha tun kafin masu riƙe da su su rufe ofis.

Ku ɗauki ma'aikatan wucin gadin nan aiki na dindindin, ko da kashi-kashi ne, a fara da masu ɗakin gwaji da masu bin marasa lafiya da masu rajista. Kuma don Allah in an zo ɗauka a ɗauki waɗanda suka yi aikin, kar jerin sunaye ya fito daga gidan wani babba a bar wadda ta shekara takwas tana yawo a rana.

A kasafin kowace jiha a ware layi daban mai sunan tibi, da na ƙanjamau, da na maleriya, da na rigakafi, kuɗin gudanarwa ba na gini ba, a riƙa saki duk bayan wata uku, a kuma liƙa abin da aka saki a ƙofar asibiti da shafin ma'aikata yadda kwamitin unguwa da 'yan jarida za su gani. Jihar da ba ta da asusun lafiya na doka ta kafa, wadda ke da shi ta riƙa zuba abin da dokar ta ce. Kason da ake jira daga gare ku na asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, da na Global Fund, a biya shi a farkon shekara.

Ku haɗa kai ku 19 wajen sayen tsinken gwaji da katirij da maganin rabon damina, mai sayen buhu ba ya biyan kuɗin mai sayen mudu. A sa wa ɗakunan gwaji sola mai ƙarfi, a horar da yaranmu na kwalejojin fasaha su riƙa gyaran injinan nan da firji maimakon inji ya yi wata huɗu a rufe ana jiran mai gyara daga Legas. In kuma ana neman inda za a rage, a rage bitar da ake yi a otal-otal, ni na halarci da yawa, akasarin abin da ake koyarwa a ciki za a iya yin sa a ɗakin taron ƙaramar hukuma da rubu'in kuɗin.

Maganin tibi da na ƙanjamau kyauta ne, ya ci gaba da zama kyauta, da kati da gwaji duka. Ranar da aka fara cewa kawo dubu biyu na kaza, ranar za a fara rasa mutane. A shigar da masu waɗannan cututtuka cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jihohi gwamnati ta biya musu, a kuma zauna da hukumomin zakka da waƙafi irin ta Sakkwato da attajiranmu, akwai masu tibi da yawa da ke barin magani don yana sa yunwa kuma babu abin ci a gida.

Mun ji ana shirin haɗe ɗakunan ƙanjamau da sauran ɓangarorin asibiti don rage kashe kuɗi, ba mu ƙi ba, amma a yi da hankali kuma a tambayi masu cutar kafin a yi. A gari ƙarami in mace ta san mai ba da kati maƙwabcinta ne ko ɗan uwan kishiyarta, wallahi gara ta zauna a gida. A horar da kowa kan riƙe sirri, wanda ya tona a hukunta shi.

Kar kuma a manta da ƙananan hukumomin da 'yan bindiga suka rufe wa asibitoci a Zamfara da Katsina da Sakkwato, da sansanonin gudun hijira na Borno, inda dama ƙungiyoyin agaji ne kaɗai ke shiga. Haka garuruwan kan iyaka irin su Jibiya da Illela da Maigatari, mutanenmu da na Maraɗi da Ƙonni da Damagaram kasuwa ɗaya suke ci kuma asibiti ɗaya suke zuwa, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, a riƙa musayar rahoton cuta da hukumomin lafiyar can.

A ƙarshe muna roƙon mai girma shugaban ƙungiya ya sa wannan batu a ajandar zamanku na gaba a Kaduna, a kira kwamishinonin lafiya da na kuɗi su zauna tare a ɗaki ɗaya, a kuma ba mutum biyu ko uku daga cikinmu da wakilan marasa lafiya minti goma su yi bayani da bakinsu. Rabon maganin yara na damina sai an yi odarsa watanni kafin ruwa ya sauka, don haka muna fatan jin matsayarku kafin lokacin.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi muku jagora.

Wassalam.

Naku,
Malamin asibiti a matakin farko, a madadin abokan aikinsa da marasa lafiyar da ke hannunsu.